Azumin Mai Karaya

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

An sallamo ni daga asibiti da jibs, wato filastar ɗorin karaya, tun daga yatsu har gwiwa. Ƙashin ƙwauri ne ya karye, a kan ruwan da ni da hannuna na zuba a tayil ɗin kicin. Likita ya ce in ya kama da kansa, halas, shi ke nan. In bai kama ba, sai a yanka a sa ƙarfe. Ni da ko allura ba na iya kallo!

Amma ba zafin ne ya hana ni sukuni ba. Gininmu na unguwar Madain Fahd a Jidda babu lif. Ranar da na karye, maza huɗu suka sauko da ni a kan kujera, ina jin nishinsu. Othman maƙwabcinmu ya ce a ajiye ni a hawa na biyu su huta. Bawan Allah, ya dai share gumi. Wallahi na so ƙasa ta tsage.

Litinin, 7 ga Oktoba

Na ɗauki azumi. Na ce wa Inna nafila ce. Ni da Allah mun san ƙiba nake son ragewa. In na ce rijim nake yi, wato rage cin abinci, kowa zai sa baki, amma wa ya isa ya ce wa mai azumi ya karya?

Inna kam ba za ta ce ba. Ni ce 'yar farinta, saboda haka ba ta kiran sunana, ba ta yi mini faɗa, ko sannu ba ta yi mini ido da ido. Da wannan alkunyar ta taso a Sudan, zaman Jidda bai rage mata komai ba. In tana da magana da ni, bango take gaya wa. Yau tun safe ta ɗora farfesun ƙafar saniya, ta kawo bakin ƙofata ta ce, "A gaya wa mai ƙafar nan romo ya nuna." Na ce wa bangon ina azumi. Ta ɗan tsaya, sannan ta ɗauke kwanon.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Buɗa baki da dabino da kokwamba. Mai burodin tamis na ƙasan gini kamar da gayya yake gashi, ƙamshin har ɗakina.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Ba Litinin ba, ba Alhamis ba, amma na ɗauka. Na ce ramuwa ce.

Laraba, 16 ga Oktoba

Mansura ƙanwata ta zo daga unguwar Aziziyya da shinkafa da kaza. Ta ƙare mini kallo ta ce, "Yaya, ramuwar shekara nawa ake binki?" Ta yi ta masifa, rabi Hausa rabi Larabci, wai ƙashi ba ya haɗuwa da ruwa da kokwamba. Na ce ta ji da kanta, ita da aka haife ta kamar tsinke.

Ina jiyo su a falo, Inna tana "Mansura kaza, Mansura kaza," har da dariya. Na girma da wannan, na san ba ƙi ba ne. Amma yau ya ɗan taɓa ni, ban san dalili ba. Yunwa ce wataƙila.

Litinin, 21 ga Oktoba

Asibiti. Da zama na sauka benen, mataki-mataki, don kada a sake kiran kowa. Likita ya daɗe yana kallon hoton, ya ce ƙashin bai fara kamawa yadda yake so ba. Ya tambaya ko ina cin abinci sosai. Na ce alhamdu lillahi. Ya ce za a sake hoto farkon wata, daga nan a yanke shawarar ƙarfen.

Na tsorata. Amma a mota na ga zobena ya fara juyawa a yatsa, sai na ji daɗi. Kai, Sadiyya, ke ma dai.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Gidan ya yi shiru da rana. Inna a zaune take sallah kwanan nan, tsufa ne mai yiwuwa.

Talata, 29 ga Oktoba

Sai yanzu na samu damar rubutu.

Bayan la'asar na ji tukunya ta faɗi. Na ja sanduna na isa kicin, na tarar da Inna zaune a ƙasa ta jingina da firji, gumi ya jiƙa mata ɗankwali, leɓenta fari fat. Ciwon suga gare ta, na san abin da nake gani. Na so ɗaga ta, ƙafa ta ƙi. Sai na zame na zauna kusa da ita, jibs a miƙe, na jawo kwanon dabino na kai ɗaya bakinta. Ta kau da kai.

Ta ce wa firjin, "Ana azumi."

Na tambaya tun yaushe. Ta ce tun ranar da aka fara. Ashe duk ranar da na ɗauka ita ma sai ta ɗauka, ta sha maganinta da asuba a kan shayi kawai. Ni ina ɗaki ina juya zobe, ban lura ko cokali ba ya motsi a gidan ba.

Na roƙe ta, na haɗa ta da Allah. Ta ce, a hankali, "Abinci ba ya wucewa, wani na kwance da yunwa a gidan."

Rana ba ta ko yi ja ba. Na sa dabinon a bakina na tauna a gabanta, na ƙara wani. Sai da ta ga na haɗiye sannan ta buɗe baki. Ina ba ta ina kuka. Da idonta ya ɗan dawo na ce wa firjin nan, "A gaya wa Inna ba nafila ba ce. Ƙiba nake gudu."

Ta ce, "An sani."

Na kira Mansura, ta zo da mijinta suka kai ta asibiti. An ce da sauƙi, amma kada a kuma. Mansura ba ta yi mini faɗa ba, ta dai dube ni, da ma faɗan ta yi. Ina son tsohuwar nan, ban taɓa samun bakin gaya mata ba.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Ban ɗauka ba yau. Ba wai na fasa rage ƙiba ba ne, sai dai ƙafa ta warke tukuna, kuma dole wani ya zauna ya ga Inna ta ci kafin ta sha magani.

Da azahar tire ɗaya muka sa a tsakiya. Tana kallon taga tana turo nama gefena da ɗan yatsa, wai ita ba ta san tana yi ba. Ni ma na yi kamar ban gani ba, na cinye. Jibi hoto, har yanzu ina tsoron ƙarfen nan.

Ta tambayi bango me za a dafa gobe. Na ce kifi, kuma a sayo manya.