Ƙarfe na Shida

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki? Kada ki ce min da sauƙi alhali kina hawa bene sau goma a rana.

Kin tuna ƙananan gem biyun nan masu ruwan toka da Baba ya saya mana, waɗanda ake jonawa da kebul mutum biyu su kara? Da muka rabu da matata, uwar ɗiyarki, na bar wa yarinyar ɗaya, na riƙe ɗaya da kebul ɗin. Tun da suka koma nesa sai a waya nake jin ta, hirar kuma ba ta wuce minti biyar: makaranta lafiya, jarrabawa lafiya, sai sallama. Amma da na ambaci gem ɗin sai bakinta ya buɗe.

Shi ya sa na ƙuduri in haɗa ɗan akwati da zai ɗauki abin da gem ɗina ke faɗa ta kebul, ya tura wa nata ta intanet. Masu ƙera shi ba su taɓa bayyana yadda kafar da ake jona kebul ɗin take aiki ba, sai dai in gano da kaina. In na taso daga aiki a gidan rediyo sai in share teburin cin abinci in baza kayan awo. Ƙananan ƙarafa shida ne a cikin kafar. Biyu na wuta, ɗaya na aikawa, ɗaya na karɓa, ɗaya ke ba da bugun da sauran ke bi. Na shidan na auna, na sake aunawa, shiru.

A nan na cije. Gem ɗina yana aika lamba ɗaya, ya jira amsa, ya sake aikawa, har batir ya ƙare. Ba zan san amsar ba sai an jona su biyun ana wasa, na'urar awo tana naɗa a tsakani. Hutunta kuwa sai nan da wata uku. Ta ba ni shawara in aika musu da nawa, wai Malam zai iya. Malam shi ne mijin uwar tata, malamin lissafi. Sau bakwai ta ambace shi a hirar, na ƙirga. Na ce mata zan duba.

A gaida yara.

Ƙaninki.

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Na ji daɗi da kumburin ya saɓe. Wasiƙarki ta iso, har da inda kika ce tun ina yaro ba na ba da aron abin wasana. Ban musa ba.

Na aika. Na naɗe gem ɗin da kebul ɗin da na'urar awon a tawul, na rubuta musu cewa zagaye goma ya isa. Bayan mako biyu kayan suka dawo tsaf, har an goge min gilashin. A cikin abin da aka naɗa na tarar da zagaye sittin da uku.

Malam ya haɗo da ɗan littafi. Rubutunsa mai kyau ne, abin haushi. A shafi na biyu ya sa min da fensir cewa wataƙila ta baya nake karanta lambobin, amma ni ne masani. Na duba. Gaskiyarsa. Wata guda ina karantawa a juye.

Da na gyara, komai ya buɗe, kuma da ma bai buɗe ba. Duk maɓallin da suka danna yana nan a rubuce. Ina ganin yadda ta lallasa shi sau ashirin a jere. Ina ganin inda suka tsayar da wasa na minti huɗu, ban san me aka faɗa ba, ban san wa ya yi dariya ba. Akwai wata dabara da na koya mata tana shekara takwas, a riƙe hagu a yi tsalle biyu. Ni na gano ta, ke ma ban taɓa nuna miki ba. A zagaye na talatin da ɗaya sai ga dabarar a ɓangarensa.

Kafin a fara kowane wasa, gem ɗin yana aika sunan mai riƙe da shi. Nawa ABBA ne, ita ta sa min da hannunta. Malam bai canza ba. Sau sittin da uku ya shiga da sunana. Na rasa ko ladabi ne ko wani abu, kuma na fi jin zafi in ladabin ne, don ba ni da abin kamawa.

Kada ki yi min wa'azi, na riga na yi wa kaina. Allah ya ƙara sauƙi.

Ƙaninki.

Yaya,

Ina gaida ke da kyau, da fatan kin koma aiki lafiya.

Abin ya yi aiki. Na haɗa akwati biyu, na aika musu ɗaya. Ranar Asabar da la'asar muka kunna, sai ga sunanta a gilashina. Muka bar waya a buɗe a gefe. Awa biyu tana surutu: ƙawar da suka ɓata, malamar da ta tsane ta, takalmin da ya matse ta. Ta ci ni tara da biyu, ta ce na tsufa. Rabon da in ji ta haka tun muna gida ɗaya.

Muna shirin sallama sai ta tambaye ni game da ƙarfe na shidan nan na cikin kafar. Wai Malam ya lura kowane saƙo yana da gurbi huɗu, biyu kullum babu komai, ko za a iya wasa mutum uku? Ta ce yana zaune a gefe tun ɗazu, kallo kawai yake yi, ya ba ta tausayi. Na ce mata ina kan bincike.

Ƙarya na yi, Yaya. Tun ranar da na gyara karatun lambobin na sani. A farkon kowane wasa ƙarfen yana bugawa sau ɗaya, yana tambaya ko akwai wani. In an amsa masa, gurbi na uku zai buɗe. Silin waya ɗaya ne da ɗigon dalma, da ƴan layuka a kwamfuta. Aikin rabin awa.

In na ƙi, yarinyar nan tana da wayo, kuma mai lissafi na gefenta. Wata rana za su gano, ta san na sani. In na yi, awa biyun nan da na sha wahalar wata huɗu a kansu sun zama na mu uku.

Jiya na bi ta wurin mai tsofaffin kayan lantarki, na samo gem na uku. Maɓallinsa na hagu yana ɗan maƙalewa. Na san gyaransa, minti biyar ne. Na yi dalmar ƙarfe na shidan, na naɗe gem ɗin a tawul, gobe zan aika wa Malam. Maɓallin dai na bar shi yadda yake.

A gaida maigidan.

Ƙaninki.