Waƙar da Ka Bar Ni da Ita

Baba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin rahamar Allah. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko kana da rai ma sai an karanta maka, kuma da tun layi na biyu ka katse mai karatun da dariya. To yau babu mai katse ni.

Gida lafiya. Inna na fama da gwiwa, amma ta ƙi barin zuwa kasuwa. Ruwa ya ci rabin shinkafarmu ta Tunuga bana. Yaya Sani ya ɗauki gurminka yana bin bukukuwa da shi. Ba zan ɓoye maka ba, yatsun naka ya gado, muryar kuwa ta Inna ce in tana kiran awaki.

Ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Waƙar nan ce. Waƙoƙi nawa ka yi a duniya? Ka yi wa masunta, ka yi wa manoma, ka yi wa 'yan kokowa da direbobin kamiyo. Mutane sun manta da yawansu. Wadda ta ƙi mutuwa ita ce "Ramatu Ƙi-Wanka", wadda ka yi mini ina 'yar shekara uku. Yau shekarata arba'in da ɗaya, Baba. Ni ce sajfam, ungozomar likita, a matanite ɗinmu, wato asibitin haihuwa. Ni ke tara mata ranar awo ina koya musu wanke hannu da sabulu. Ka taɓa tunanin yadda hakan yake? Ina cikin bayani sai in ga wata ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Na san abin da take rerawa a zuci.

Haka na tashi. A lakwal, mushenmu, wato malamin ajinmu, kan duba wuyana kafin na kowa, aji ya fashe da dariya. Ranar da aka zo neman aurena, gwaggon mijina ta tambayi Inna, wai cikin raha, ko yanzu na fara. Ko satin jiya na hau kabu-kabu zuwa gadar Malanbil, mai babur ya saka waƙar a portabul ɗinsa, wato wayarsa, yana bi da ƙarfi, bai san ƙi-wankan ce ya goyo ba. Na sauka tun ba mu kai ba.

Ka tuna ranar da aka ba ni diplom a Yamai? Shekara uku ina karatu don wannan rana. Ka shigo da babbar rigarka, kafin a kira sunana an riga an kewaye ka. Aka roƙe ka waƙar, ka yi ta. A gaban malamaina. Na dawo Gaya na yi kusan shekara biyu ba ka samun komai daga bakina sai gaisuwa. Ka lura, na sani. Ka riƙa aiko mini kifi busasshe da mangwaro. Me zan yi da mangwaro, Baba? Haƙuri nake jira ka ba ni.

Yanzu ga sabuwa. Wani matashin mawaƙi ya zo daga Yamai da abokansa da na'urorinsu. Yana son ya sabunta waƙar, a ɗauki bidiyo, kuma wai in fito a ciki riƙe da bokiti da soso, sanye da farar rigar aikina. Yaya Sani ya amince tun kafin a tambaye ni, wai sunanka ake rayawa. Na kore su daga ƙofar matanite, har mai gadi sai da ya ba ni baki.

Da na je gida ina faɗa, Inna ta bar ni na gama, sannan ta gaya mini abin da ban taɓa ji ba. Ashe ƙyanda na yi a shekarar da ka yi waƙar, irin wadda ta ɗauke yara da yawa a unguwarmu. Jikina duk ya saɓule, ruwa in ya taɓa ni sai ihu. Ta ce ka fasa tafiyar wasa zuwa Kamba, ka zauna gefen kwano da gurmi kana yi mini waƙa har in yarda a zuba mini ruwan magani. Kwana goma sha ba ka fita ba. Ta ce a nan waƙar ta fito, kuma da hawaye ka yi ta.

Me ya hana ka gaya mini? Wannan ne ya fi ba ni haushi. Ka faɗa wa Nijar da Benin da Najeriya cewa ɗiyarka ba ta wanka, amma jimla guda ta gagare ka a tsakar gidanka? Wata shida ina jinyarka, ina auna jininka safe da yamma, ka yi ta ba ni labarin sarakunan da suka ba ka dawaki. Wannan kaɗai ka riƙe. Ni ma na riƙe nawa, ban musa ba. Sau da yawa na buɗe baki in ce na huce, sai in tambaye ka ko ka sha magani.

Akwai wani abu da nake so ka sani. Da damina aka kawo wata mata a kwalekwale daga hayin Benin, da tsakar rana, naƙuda ta kwana biyu, ɗan ya zo a gicce. Ba lokacin kai ta babban asibiti. Na yi abin da aka koya mini, Allah ya taimake ni, uwa da ɗiya suka rayu. Bayan suna mijin ya dawo ya ce sun sa wa jaririyar Ramatu. Na jira in ji dariyar da na saba ji. Babu. Na tambaye shi ko ya san ka. Ya ce a'a, ya ba ni haƙuri, su ba su da rediyo a tungarsu. Baba, ka yafe ni, ban taɓa jin daɗin wani bai san ka ba sai ranar. Na shiga ɗakin magani na rufe ƙofa na yi kuka. Sunan nan nawa ne, da hannuna na samo shi.

Ranar Juma'a Yaya Sani ke jiran amsata. Zan ce su yi waƙarsu, ba ni da ikon hana ta, ta fi ƙarfina tun ina goye. Amma ba zan riƙe bokitin kowa ba, kuma sai sun faɗi labarin ƙyandar a farkonta, tunda kai ka kasa. In ba ka yarda ba, kusan shekara arba'in ka samu ka yi magana.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka. Kai na yafe maka. Waƙar kuwa a ba ni lokaci.

Ɗiyarka,
Ramatu