Wayar da Aka Buga Ranar Girbin Alkama

Ni, Marlys Tveit, matar marigayi Orville, nake rubuta wannan da hannuna a teburin kicin, a gonarmu ta Dakota ta Arewa. Huhuna ya gaji, likita ma ya daina ɓoye mini, amma hankalina garau yake. Wanda ya ce magani ne ya juya mini kai, ya tambayi Fasto Lindgren, jiya na gyara masa kuskure biyu a takardar sanarwar coci. Da ku uku nake: Curtis babba, Joleen, da auta Dwight.

Na ɗaya. Gona da gida naku ne ku uku, kuma ba a sayarwa muddin ɗayanku yana iya shuka. Curtis ne zai noma, shi ya san inda ruwa ke kwanciya. Keken ɗinkina na matar Dwight ne. Bindigogin babanku Dwight ya kwashe, ya kulle.

Na biyu. Shuɗiyar a-kori-kurar babanku ta Joleen ce. Curtis, na san ka fi kowa son ta, a cikinta ka koyi tuƙi ƙafarka ba ta kai birki ba. Amma sunanka yana rubuce a takardar inshorar gidan nan cewa idan kai ne a sitiyari, kamfani ba zai biya ko sisi ba. Ni na sa hannu. Ba zan bar maka abin da zai kai ka kurkuku ba, ka ji haushi in ka ga dama.

Na uku, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. Shekara uku da rabi ke nan Curtis ba ya magana da Joleen, wai ita ta kira masa ɗan sanda. Ba ita ba ce. Ni ce.

Kun san halin babanku. Babbar motar alkama wata ɗaya yake yi mata inshora, lokacin girbi, da an gama ya soke, wai ba zai biya wa motar da ke barci a rumfa ba. Rabin manoman nan haka suke yi. Shekarar da ya rasu babu wanda ya tuna ya sabunta. Ran nan da azahar na fito da abincin ma'aikata, na tarar Curtis ya cika ta da alkama zai kai rumbun hatsin gari, gwangwanin giya biyar a ƙasan kujera. Na ce ya ba ni makulli. Ya yi dariya ya ce, "Haba Mama, mil shida ne fa, rabi ma hanyar burji. Wa zai gan ni, shanu?" Ya tayar ya tafi.

Ƙarfe uku saura kwata ne. Ƙarfe uku daidai motar 'yan makaranta ke tsallaka mahaɗar rumbun hatsin gari, jikokina biyu a ciki. Na shiga gida na buga wa 'yan sanda waya, na faɗi launin motar da hanyar da ta bi. Na ajiye wayar na juya.

Joleen tana bakin ƙofa, ta ji komai. Da yake da safen nan sun yi faɗa da Curtis a kan shan giya, kowa ya ɗora mata, ita kuma ta ɗauka. Ta ce mini, "Ki yi shiru, Mama. In ya san ke ce ba zai ƙara taka gidan nan ba, kuma ke kaɗai yake jin maganarki." Na yi shirun, kuma wannan ne laifina. Na zauna ina kallo aka daina gayyatarta cin abincin Kirsimeti, matan coci suna sauya kujera in ta shigo. Joleen, ki yafe mini, na ci amanarki don tsoro.

Amma wayar kam, Curtis, ba na neman gafararka. Da za a maido ranar, zan sake bugawa, har ma da sauri. Ka rasa lasisi shekara guda, ka hau keke kamar ɗan firamare, ka yi wata da watanni kana hura iska a bututun gwajin giya kafin mota ta yarda ta tashi, kuɗin inshorarka ya ninka uku. Duk na gani, kuma ya yi mini zafi. Sai dai ba ka binne ɗan kowa ba, ni ma ban binne nawa ba. Mutanen garin nan da za su ce uwa ba ta kai ɗanta ƙara, su faɗa a kan kabarina, ba zan tashi in ba su haƙuri ba.

Na huɗu. Saura wata bakwai takardar shaidar kana da inshora, wadda kamfani ke aika wa hukuma a kanka, Curtis, ta cika wa'adinta. In ka bari inshorar ta yanke ko na kwana ɗaya, za su karɓe lasisin a koma farko, kuma ba mai noma gonar nan a ƙafa. Dwight, na ji dabarar da ka kawo ta a mayar da motar yayanka cikin sunanka don a sami sauƙi. Ina kwance a ɗaki, ba kurma ba ce ni. Wannan ba taimako ba ne, ƙarya ce, kuma ranar da aka yi karo ku biyu za ta ci. Motar alkama kuwa, a yi mata inshorar shekara cur ko a sayar da ita.

Na biyar. A zuriyarmu babban ɗa ne ke tuƙa motar iyali a bayan motar gawa. Curtis ya yi wa babansa, ni ba zai yi mini ba. Joleen za ta tuƙa, Curtis ya zauna a gefenta, kada kowa ya shiga tare da su, ko yara. Daga coci zuwa maƙabartar su Tveit mil ashirin da biyu ne, kuma na roƙi mai motar gawa ya tafi a hankali. Ku yi ihu, ku zage ni in kuna so, ina gaba ba zan ji ba. Amma kada ku sauko sai kun yi magana.

Allah ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku, ya ba ku ruwa a kan kari, ya mayar da ku gida lafiya duk inda kuka kama hanya. Ku riƙe juna, ku ukun nan ne kawai. Curtis, fushinka nawa ne, ka zuba shi a ramin tare da ni. Ƙanwarka ta ɗauke mini shi shekara uku da rabi, ya isa haka.