Motar Marigayi da 'Yar Kujerar da Nake Takawa

Assalamu alaikum Malam Sama'ilu,

Don Allah ka taimake ni da shawara. Abin da ke damuna ban iya faɗa wa kowa a unguwa ba, don za a ce tsohuwa ta rasa abin faɗa da ɗanta sai ƙarfen mota. Shekaruna hamsin da tara, ina zaune a Kazaure. Na yi sakandare, da hannuna nake rubuta maka wannan, ban sa kowa ba.

Maganar ɗana na fari ce. Ba zan kama sunansa ba, tun ranar suna ban taɓa kamawa ba, kuma ba a jarida zan fara ba. Shekarunsa talatin da ɗaya, ma'aikaci ne, yana da mata, Sadiyya, da 'ya ɗaya. Ban rene shi da wasa ba. Ban taɓa yabonsa a gaban idonsa ba, don na ga yadda yabo ya lalata 'ya'yan mutane. Kuma alhamdu lillahi bai taɓa jawo min magana ba sai yanzu.

Mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, fataucin hatsi ya yi. Yau yana Babura, gobe Gwiwa, jibi Roni. Yana da Fijo mai dogon baya. Ranar da ya saye ta bai kawo ta gida ba sai da ya kai ta gareji aka ɗaga ta, yadda masu shiga ƙauye suke yi. Aka cire sifirin ɗinta, ƙarfen nan mai murɗe da ke saman taya, aka sa na wata babbar mota, aka ƙara da roba mai kauri. Ta tashi da kamar yatsu huɗu. Yakan loda mata gero da riɗi ta bi burji ba ta taɓa ƙasa ba. Shekara goma sha uku tana ciyar da mu. Da Malam, maigidan nawa, ya rasu bara waccan aka raba gado, motar ta faɗa wa yaron nan, na ji daɗi, na ce ta tsaya a gida.

A cikinta yake kai ni ƙauyenmu, can bayan Roni, duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Yayata Abu tana can, idonta ya tafi, mu biyu muka rage a ɗakinmu. Ranar Juma'a takan sa a shimfiɗa mata tabarma a zaure, ta ce tana gane kukan motar tun daga gangaren rafi. Hanyar kuwa idan an bar kwalta duwatsu ne da zaizaya, da damina sai an lallaɓa.

To wata biyu da suka wuce sai yaron nan ya zo min da wata magana. Wai zai sauke motar ƙasa. Zai sayo gajerun sifirin da sababbin shakazoba masu ƙarfi, abin nan da suka ce yana hana mota rawa idan ta faɗa rami. Wai motar tana tangaɗi, tana kwanciya gefe idan ya sha kwana, in ya taka birki sai ta dungura da goshi. Ya nuna min hotunan sifirin a waya, kala biyu, wai in zaɓa. Ɗaya rawaya, ɗaya ja. Na ce masa ni ba 'yar gareji ba ce.

Na san inda ya kwaso wannan. Akwai abokin aikinsa Emma, yaro mai gaisuwa, ba na ƙinsa, amma motarsa tana jan ciki a kwalta kamar ƙadangare. Na gan shi da idona a bakin kasuwa, ya zo hawa tudun rage gudu, sai da ya karkace ya hau a kaikaice, masu babur na bayansa suna ta hon. Wannan ita ce wayewar? Yaran yanzu duk abin da suka gani a waya sai sun kwaikwaya. Mutum da iyalinsa, maimakon ya yi tunanin gobe, yana tunanin yadda za a kalle shi a titi. Mu an koya mana abin da babba ya kafa ba a tumɓuke shi don kwalliya.

Har wani shirme ya yi da ya ƙara ɓata min rai. Ni gwiwoyina sun daɗe da lalacewa, ba na iya hawa motar sai da 'yar kujera ta tsugunno da nake takawa, kullum tana cikin but. Malam ne ya sa aka sassaƙa min ita. Rannan da safe na leƙo sai na ga yaron nan tsugune da tef ɗin awo irin na tela, yana auna daga ƙasa zuwa bakin ƙofar motar. Ya auna kujerata ma, ya rubuta a tafin hannunsa. Magidanci guda, ya makara wurin aiki yana wasa da tef.

Kuma duk wannan ya taso ne a makon da nake jinya, ko tausayi babu. Mun je biki Babura aka manta kujerar a gida. Da za mu taso na ɗaga ƙafa zan hau, gwiwar ta ƙi, na zame na faɗi a gaban mata. Sai da mutum uku suka ciccibe ni. Yaron nan yana tsaye, ya kawar da kai. Ni a zatona zai sayo kujera ta biyu ya ajiye. Sai ga shi da hotunan ƙarafa.

Ranar da ya ce ya yi magana da bakanike za a yi aikin Asabar, raina ya ɓaci. A tsakar gida, gaban matarsa, na ce masa mahaifinsa ko shekara biyu bai cika a ƙasa ba ya fara rushe abin da ya bari. Na ce idan gayu yake so ya sayi tasa. Sadiyya ta buɗe baki ta ce, “Inna, ai ba don...” na ce ta yi min shiru, ba da ita nake ba. Shi kuwa ya shiga ɗaki ya fito da mukulli, ya durƙusa ya ajiye a gabana. Ya ce, “Ki yi haƙuri Inna, ba za a taɓa ta ba.”

Yau kwana goma sha shida. Motar tana rumfa an lulluɓe ta. Acaɓa yake hawa zuwa aiki. Yana gaishe ni safe da yamma, ba ya ɗaga ido, ba ya zama. Da can yakan zauna ya ci tuwo a ƙofar ɗakina ko ba ma hira. Juma'a biyu ban je wurin Yaya Abu ba, ta aiko a tambaya ko lafiya, na ce a ce mata mota ce ba lafiya. Mukullin yana ƙarƙashin matashina. Jiya na ɗaga lulluɓin na shafa ƙofar, har yanzu tana warin riɗi.

Malam Sama'ilu, ni ban saba ba ɗa haƙuri ba, ban ma san ta inda ake farawa ba. Kuma har yanzu ina ganin ina da gaskiya a kan hanyar ƙauyenmu. Ka gaya min tsakani da Allah: wannan sauke motar alheri ne ko ɓarna? In na bari, na ci amanar Malam? In na hana, yaron nan zai dawo ya zauna a ƙofar ɗakina?

Uwa mai damuwa, Kazaure.

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan Malam, ya ba Yaya Abu lafiya.

Ni ma ba ɗan gareji ba ne, don haka na karanta wa Barnabas wasiƙarki, bakaniken da ya daɗe yana duba min mota. Bari in fara da ƙarfe, sannan mu zo kan mutane.

A kan hanya kina da gaskiya. Gajerun sifirin irin na motar Emma an yi su ne don kwalta mai santsi. A burjin bayan Roni, da mutum huɗu a ciki da tsaraba a but, gindin injin da salansa za su riƙa dukan dutse, ranar da gindin injin ya fashe kuwa mai zai tsiyaye a bar ku a daji. Kuma shakazoba mai tauri da ake haɗa su da shi ba ya shanye rami, yana miƙa shi ne ga bayan wanda ke zaune. Mai ciwon gwiwa ba ta buƙatar wannan.

Amma ɗanki ma bai yi ƙarya ba. Motar da aka ɗaga don buhu, idan babu buhu, tsayinta ya zama illa. Kwanciya a kwana da dungurawa in an taka birki alamu ne na shakazoba da suka gaji, ga sifirin da ba nata ba. Wannan ba zancen gayu ba ne, zancen rai ne, kuma jikarki tana shiga motar nan.

Ga shawarar Barnabas, ni ma ita na bi. Kada a zaɓi rawaya, kada a zaɓi ja. A cire robar da sifirin ɗin babbar mota, a mayar mata da irin nata na asali, ta koma tsayin da kamfani ya yi ta. Wannan kaɗai zai sauke ta da yatsu huɗun da Malam ya ƙara. A sa shakazoba sababbi masu kyau, na daidai da ita, masu laushi, ba na tsere ba. A canza su bibbiyu, dama da hagu tare, in da hali duka huɗun. Kada ya yarda wani ya ce zai yanke tsohon sifirin ko ya gasa shi da wuta don ya rage tsawo, wanda aka yi wa haka karyewa yake ba sallama. Bayan aikin a daidaita tayoyin, in ba haka ba za su cinye ta gefe ɗaya. Sannan ku cika ta yadda kuka saba ranar Juma'a, ya tsaya a gangaren rafin nan ya leƙa ƙarƙashinta da idonsa.

Yanzu Hajiya, ki sake karanta wasiƙarki a hankali. Kin faɗi a Babura a gaban mutane. Ɗanki yana tsaye, kunyar ɗan fari ta hana shi ya rungume ki ya ɗaga. A makon ya fara zancen sauke mota. Ya auna ƙofa, ya auna kujerarki. Mai neman a kalle shi a titi ba ruwansa da tsawon kujerar tsugunno. Ban ce babu sha'awar ƙuruciya a ciki ba, mai yiwuwa motar Emma ta burge shi, shi ya sa ya zarce inda ya kamata ya tsaya. Amma ni abin da na gani shi ne yaron da ya rantse a ransa uwarsa ba za ta sake faɗuwa a gaban mata ba. Bai faɗa miki ba, don ke kika koya masa cewa irin wannan ba a faɗa. Sadiyya ta so ta faɗa. Ki kira ta ɗaki ki bar ta ta ƙarasa maganarta.

Batun amana kuma, ki kwantar da hankalinki. Malam bai ɗaga motar don tsayi ibada ne ba, ya gyara ta ne daidai da abin da take ɗauka a zamaninsa. Yanzu ba gero take ɗauka ba, ke take ɗauka. Ɗan da ya gyara ta daidai da ke, halin mahaifinsa ya yi.

Maganar da kika faɗa a tsakar gida ta yi nauyi, kin sani, shi ya sa mukullin ya hana ki sukuni. Ba sai kin yi dogon jawabi ba. Gobe in ya zo gaisuwa ki ce ya zauna. Ki sa masa mukullin a hannu, ba a ƙasa ba. Ki ce kin faɗi abin da bai kamata ba game da mahaifinsa, kuma Yaya Abu tana jira. Ki ba shi wannan shafin ya kai wa bakanikensa. Yadda aka yi faɗan a gaban Sadiyya, a yi gyaran a gabanta.

Kujerar Malam ta ci gaba da zama a but, ba ta tare wa kowa wuri ba. Amma ranar da kika ɗaga ƙafa kika shiga motar ba tare da ita ba, kada ki yi shiru. Ba sai kin kama sunansa ba. Ki ce Allah ya yi albarka, da ƙarfin da zai ji daga wurin tuƙi.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya sa Juma'ar nan Yaya Abu ta ji kukan motar daga gangaren rafi.

Sama'ilu