Magaribar Aminullahi

Karu, Abuja
Fabrairu, 1992

Yaya Zulai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna? Mu nan lafiya lau, sai dai garin ba a gama gina shi ba. Tun da aka kwaso ma'aikatar su Baban Aminullahi daga Legas, ruwa ma sai tanka ta zo mu cika duro.

Na ji saƙonki cewa bayan ƙaramar Sallah Baba zai zo ya tafi da Aminullahi wurin mai maganin iska, a ajiye shi can sai ya warke. Yaya, ban yarda ba, kuma ba raini ba ne. Yaron da ya kai shekara shida bai iya cewa yana jin ƙishirwa ba, wa zai gane kukansa a can?

Gaskiya ne yana buga kansa da bango har goshi ya fashe, kuma da magariba yake yi, shi ya sa kowa ya ce aljanu ne. Amma muna da maƙwabciya, Malama Christina, 'yar Filato, ita ma ƙaurar ma'aikatarsu ce ta kawo ta. Ta karanci ilimin nazarin ɗabi'a. Ta ce a wurinsu babu halin da ke faɗowa daga sama, kowanne yana da abin da ya zo gabansa da abin da ke biyo bayansa. Ruwa dai ba ya tsami banza. Ta ce kafin a tafi neman dalili mai nisa, a fara duba na kusa. Ita janaretan maƙwabta take zargi, don da magariba ake tayar da shi. Za mu gwada mu gani.

Ki gaida kowa da kowa.
Ƙanwarki,
Mashkura

Karu, Abuja
Maris, 1992

Yaya Zulai,

Salamu alaikum, da fatan ana shan ruwa lafiya. Ina gajiyar azumi?

Janareta ya kuɓuta! An samu wuta, ba a tayar da shi ba, Aminullahi ya buga kansa kamar kullum. Na zaci Malama za ta ji kunya, sai ta yi dariya ta ce zatonta ya faɗi, a aikinsu abin da ido ya gani ya fi ra'ayin malami. Daga nan ta riƙa zuwa da yamma ta zauna tana kallo.

Ga abin da ta gano. Aminullahi yana bakin duro yana wasa da ruwa, abin da ya fi so a duniya. Ana kiran salla sai in fizgo shi in rufe ƙofa, yadda aka rene mu, ba a barin yaro a waje da almuru. Sai ya nufi bango. Ni kuwa a rikice sai in ɗebo ruwa, in tofa addu'a, in wanke masa goshi. Kin gani? Bango ne ke dawo masa da ruwansa! Ashe magana yake mana da goshinsa.

Yanzu tun kafin magariba nake shigo da baho ɗaki. Muna koya masa miƙo kofi, yana miƙowa sai ruwa, ba ɓata lokaci.

Kin ce Baba ya ce wannan musun ƙaddara ne, kuma jikansa ba akuya ba ne da za a hora. Ki ce masa ban bar addu'a ba. Allahn da ya ƙaddara shi ne ya sanya sababi, kuma wurin Baban na fara jin haka. Hankalina kwance yake, ya zo ya gani.

Taki,
Mashkura

Karu, Abuja
Afrilu, 1992

Yaya Zulai,

Barkanmu da Sallah. Ina fatan kun yi ta lafiya.

Baba ya iso a motar Kawu Musbahu. Kin san Baba, ba ya sayen kura a rami. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce gani ya kori ji. Da magariba ta gabato ya sa aka ɗauke baho da kofi, ya hana ni matsowa. Ya ce idan ruwa ne zai gani, idan kuma iska ce, a haɗa kayan yaro.

Aka kira salla, aka rufe ƙofa. Aminullahi ya leƙa inda baho yake zama, babu. Ya nufi bango har ya jingina goshinsa. Sai ya juyo, ya ga butar alwalar Baba, ya ɗauko ta da hannu biyu ya dire masa a cinya.

Baba ya daɗe yana kallonsa. Sai ya karkata butar yana zuba masa a tafin hannu, a hankali, har ta ƙare, tabarma ta jiƙe sharkaf. Ni na fashe da kuka. Shi kuma ya ce a sake cika ta, kada salla ta wuce shi.

Da na ba Malama labari ta ce gwajin da Baba ya yi ya fi nata tsauri.

Har yanzu yaron bai yi magana ba, kuma akwai sauran aiki. Amma ciwon goshin ya bushe, motar Kawu kuma ta koma Zariya ba shi. Idan Inna na neman butar Baba, ki ce mata kada ta wahala. Ya bar wa jikansa.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Mashkura