Batirin Baffa a Rana

Jamus, 1994

Yaya Hajo,

Bayan gaisuwa, ya ƙafar Inna? Ya shanu? Ina lafiya, sanyi ne kawai, kada ki gaya mata.

Kin tambayi aikina. Na'urar karɓar saƙon kwamfuta nake haɗawa. In na ƙara mata wuta, saƙo ya fito garau amma ta ɗau zafi. In na rage, ya dagule. Shugabanmu ya ce in daidaita ta ko in tattara kayana.

Kullum sai na tuna Baffa, Allah ya jiƙansa, a ƙauyenmu Turawa. Ya shanya batir a rana, ya rage muryar rediyo don kada ya ƙare, mu kuma mu matso, kai da kai, mu ji labarai.

Nan ma na rage muryar, Yaya, amma babu mai matsowa.

Ƙaninki,
Shitu