Gaisuwar Baba a Hanyar Sojoji

Zuwa ga Yaya Torquil,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Mairi da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya kawo muku sauƙin zafin da kuke sha a can Ostareliya. Mu nan dusar ƙanƙara ta rufe tudu tun farkon wata. Gwaggo Effie ta warke daga tarin nan, har ta koma faɗa da kowa.

Yaya, maganar Baba ce ta sa na rubuto maka, kuma wallahi a tsorace nake. Ka san har yanzu shi yake kai wa tumaki ciyawa a mota kullum da safe, ta tsohuwar hanyar sojoji mai faɗin mota ɗaya. Na yi na yi ya riƙa bin sabuwar hanya ta gindin tudu, ya ƙi. Wai sojojin da suka zo murƙushe kakanninmu sun shimfiɗa ta ne don jan igwa, igwa kuwa ba ta son kwana, shi ya sa hanyar ta miƙe sambal, saboda haka ko ido a rufe zai bi ta. Da can in ya faɗi haka dariya nake yi.

Ran Talata muka haɗu da shi sama da gadar dutse, inda kwazazzabon nan yake. Na ratse a wurin kaucewa na ba shi hanya, na ɗaga masa hannu. Ya wuce ni, ko yatsa bai ɗaga daga sitiyari ba. Baban da ya yi gaba da Murdo mai kai wasiƙu har tsawon bazara don bai amsa masa gaisuwar hanya ba! Raina ya ɓaci, na juya na bi shi gida, na ce ashe yanzu 'yarsa ma ba ta kai a gaishe ta ba. Ya ce wace gaisuwa kuma, shi tun da ya fita bai haɗu da mota ko ɗaya ba. Jar mota fa, Yaya, a cikin farar ƙanƙara, da rana tsaka. Nan take na gane ashe bai gan ni ba ne.

Na ce mu je a duba idonsa, ya ce idonsa ya fi nawa, in je in nemi aikin yi. Na ɓoye makullin motarsa, ya ɗauko na ajiya yana cewa ƙaramar ɓarauniya ba ta iya sata ba.

Jiya na ce zan raka shi. Tayoyi suna zamewa, ni ina riƙe da ƙofa ina addu'a a zuci. Da muka zo wurin kaucewa na farko sai na ga ya ɗaga hannu. Na duba, babu kowa, sai sandar da ke nuna bakin hanya. A na biyu ma haka, a na uku ma haka. Ashe tun daga ranar da na yi masa ƙorafi, duk wurin kaucewa gaishe shi yake yi, don kada wani ya sake gane cewa ba ya gani. Na juya fuskata ga taga.

Kai kaɗai yake jin maganarka. Don Allah ka kira shi ranar Lahadi, kada ka bari sai wata Lahadin. An ce ƙanƙara za ta ƙaru, kuma gobe da safe zai sake hawa.

Gwaggo Effie tana gaishe ku. Ka gaida Mairi, ka shafa min kan Calum da Shona.

Ƙanwarka,
Ishbel